AMSOSHIN WASIƘUNKU: Idan Hadari Ya Hana Jirgi Tashi, Yaya Matafiyi Zai Yi?

A wannan mako mun ware wasiƙu uku daga cikin jaka, domin duk ukun magana ɗaya suke yi, watau jinkirin jirgin sama saboda hadari ko hazo, da irin asarar da yakan jawo wa matafiyi.

WASIƘA TA FARKO

Wannan ta fito ne daga wani manomi a Kekun Waje, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Ya ce mahaifinsa dattijo ne, ya sayar da shanu biyu da hatsin rumbu ya biya kujerar Makka. Aka kira su sansanin alhazai, aka ce gobe za a tashi, sai ga shi sun kwana uku. Kullum aka tambaya sai a ce hadari ne, alhali kuwa su a garinsu ko ɗigo ba a yi ba a kwanakin nan. Shi ne yake tambaya: shin da gaske hadari yana hana jirgi tashi, ko kuwa dai raina talaka ne aka yi?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma muna yi wa Baba addu'a, Allah Ya sa ya yi karɓaɓɓiya. Amsa a taƙaice ita ce, ƙwarai hadari yana hana jirgi tashi, yana kuma hana shi sauka. Bari mu yi bayani dalla-dalla.

Kai manomi ne, ka fi ni sanin yadda hadarin damina yake. Yakan haɗo daga gabas, gari ya yi tsit, sai iska mai sanyi ta taso da ƙura tun kafin ruwa ya sauko. Iskar nan ita ce take kwashe rufin kwano, ita ce take kwantar da dawa a gona. Masana yanayi sun ce asalinta daga cikin hadarin take faɗowa ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ta watsu ko'ina, kamar dai a juye bokitin ruwa a kan daɓe. Shi kuwa jirgin sama, abin da ke riƙe shi a sama shi ne iskar da ke bi ta fukafukansa. Idan yana cikin tashi ko sauka ya shiga irin wannan wuri, da farko iska za ta bugo shi ta gaba, nan take ta danno shi ƙasa, sa'an nan ta juyo ta bayansa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ƙarfin da ke ɗauke da shi ya ragu, ga shi kuma kusa da ƙasa, babu sararin da matuƙi zai gyara.

Mu mutanen wannan yanki ba labari aka ba mu ba. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zai zo Sakkwato, da mutum 105 a ciki. Ana cikin hadari ya tashi, bai yi nisa ba ya faɗi. Mutum 96 suka riga mu gidan gaskiya, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah Ya jiƙansu da rahama. Masu bincike sun gano cewa tashi cikin mummunan yanayi da irin wannan juyawar iska na daga cikin manyan dalilan hatsarin. Saboda haka duk ranar da aka ce maka matuƙi ya ƙi tashi saboda hadari, ka tuna da abin da Hausawa suka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai maganar da ka yi cewa a Kekun Waje ba a yi ruwa ba. Ai Malam, ko a gona ka san ruwa yakan sauka a gonar maƙwabcinka ya tsallake taka. Jirgi yana bukatar hanya mai kyau a wuri uku: inda zai tashi, inda zai bi, da inda zai sauka. Har ila yau, jirgin da zai ɗauki Baba ba a filin yake kwana yana jiransa ba. Jirgi ɗaya ne yake jigila, ya kai wasu ya dawo ya ɗebi wasu, kamar motar kasuwa. Idan hadari ya tsare shi a wani gari, duk waɗanda ke bayan layi sai jinkirin ya shafe su.

Wani zai ce, to ai hadari awa ɗaya ko biyu yake yi ya wuce, me ya kawo kwana uku? Dalilan su ne waɗannan. Na ɗaya, doka ta ƙayyade wa matuƙa jirgi awoyin da za su yi suna aiki. In lokacin ya cika suna zaman jira, tilas su je su yi barci, ko da gari ya washe. Na biyu, a lokacin aikin Hajji filayen jirgin Jidda da Madina cike suke da jiragen duniya, kowane jirgi da lokacin saukar da aka ba shi. Wanda ya rasa nasa sai ya nemi wani. Na uku, wasu filayen jirgi na ƙasar nan ba sa aiki da dare. Ka ga ke nan jinkirin awa biyu yana iya haifar da na kwana biyu.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, ba kowane jinkiri ne na hadari ba. Akwai na lalacewar jirgi, akwai na ƙarancin jirage, akwai na biza da ba ta fito ba. Maniyyaci yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar dalili. Hanyar da ta dace ita ce, maniyyatan kowace ƙaramar hukuma su wakilta mutum biyu ko uku masu natsuwa, su sami jami'in alhazansu, su tambaye shi cikin ladabi: mene ne dalili, yaushe za a sake ba da sanarwa, kuma a zauna ne ko a koma gida? In abin ya wuce jami'in, akwai hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, sama da ita kuma akwai Hukumar Alhazai ta Ƙasa, watau NAHCON, wadda aka kafa a 2006. Hayaniya da zagin ma'aikaci ba sa kawar da hadari, sai dai su ɓata wa mutum niyyar da ya fito da ita.

Akwai kuma wani abu da ya kamata manoma su lura da shi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kamar kwana 11, shi ya sa lokacin Hajji yake zagayawa, sai bayan kamar shekara 33 ya dawo inda ya faro. A 2024 an yi tsayuwar Arfa ranar 15 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 5 ga Yuni. Watau a waɗannan shekaru tafiyar alhazai da dawowarsu sun faɗo daidai faɗuwar damina, lokacin da hadari ya fi zuwa da iska, kuma lokacin shuka da noman farko. A hankali lokacin zai ci gaba da matsowa baya, ya ratsa bazara, har ya koma cikin hunturu kamar yadda aka yi a wajejen 2006 da 2007. A nan kuma abokin gaba shi ne hazo. Ƙurar nan mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin ƙasar Chadi, ana kiransa Bodele, iskar hunturu ta kwaso ta ta rufe mana sama. Matuƙi yana bukatar ya hangi titin sauka daga nesa, a filaye da yawa kamar mita 800, in hazo ya yi kauri kuwa ko rabin haka ba a gani. Bambancinsa da hadari shi ne, hazo yakan yi kwanaki bai yaye ba. Dattawa za su tuna da 22 ga Janairu 1973, lokacin da jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda zai sauka Legas, rashin kyan yanayi ya sa aka karkatar da shi Kano, ya yi hatsari wajen sauka. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. Allah Ya gafarta musu.

To mene ne abin yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shawarwarinmu ga duk maniyyacin da zai bar gona a baya:

Da farko, ka ɗauka cewa ranar da aka ba ka ta tafiya da ta dawowa duk suna iya motsawa. Kafin ka bar gida ka damƙa gonarka a hannun mutum ɗaya sananne, ɗa ko ƙane, a gaban shaidu. Ka ware iri, ka ware taki, ka ware kuɗin 'yan ƙwadago har na noman farko da maimai, ka nuna masa wace gona za a fara shukawa in ruwa ya sauka. Wanda ya bar wannan a tsare, ko an ƙara masa mako guda a Makka hankalinsa kwance yake.

Na biyu, kada ka taɓa kuɗin guzurinka na Saudiyya a sansani. Ka riƙe 'yan Nairori daban na abincin kwana uku ko huɗu, da abin da ba ya lalacewa, kamar ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyar gyaɗa.

Na uku, mai hawan jini ko ciwon sukari ya sa maganinsa a jakar hannu tare da takardar likita. Babbar jaka in an auna ta an wuce da ita, ba za ka sake ganinta ba sai an sauka. Haka nan tabarma ƙarama, da buta, da mayafi, da abin cajin waya, su kasance kusa da kai.

Na huɗu, 'yan rakiya su yi sallama su koma gida tun ranar farko. Zaman mutum goma suna jiran tashin mutum ɗaya asarar kuɗi ce da ta aikin gona.

Na biyar, duk daɗewar zama, kada ka karɓi ajiyar kayan wanda ba ka sani ba, kada kuma ka ɗaukar wa kowa saƙo a jakarka. A wurin jira ne mugaye suka fi samun mutanen kirki.

Game da salla kuwa, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa matafiyin da ya yi nisan da ake ƙasaru, wanda kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba, kullum yana sa ran tashi, yana ci gaba da ƙasarunsa. Sai a tuntuɓi malaman bita domin ƙarin bayani, har da maganar lokacin ɗaura niyyar harami, kada mutum ya yi gaggawar ɗaurawa tun a sansani alhali bai san ranar tashi ba.

WASIƘA TA BIYU

Wannan kuma daga wata Hajiya ce 'yar kasuwa a Tsafe, mai saro atamfa da mayafai. Ta ce ta sayi tikitin jirgi zuwa Abuja a wurin wani kamfani, ta sayi na fita waje a wurin wani kamfanin daban, tsakaninsu awa huɗu. Hadari ya tsare jirgin farko, kafin ta isa na biyu ya tashi. Ta je ofishinsu aka ce sai ta biya ƙarin kuɗi masu yawa. Tana tambaya, wa zai biya ta?

Hajiya, sannu da wannan asara, Allah Ya mayar da alheri. Amsar ba mai daɗi ba ce, amma gara ki ji ta yadda take. Tunda tikiti biyu kika saya a wuri biyu, kowane kamfani alkawarinsa daban. Na farko ya yi alkawarin kai ki Abuja, ya kuma kai ki, ko da a makare. Na biyu ya ajiye miki kujera, ba ki zo ba. A wurinsu ke ce kika makara. Da a ce tafiyar duka a tikiti ɗaya take, mai lamba ɗaya, to nauyin kamfanin ne ya sa ki a jirgi na gaba ba tare da kin sake sayen tikiti ba. Wannan shi ne babban abin da 'yan kasuwarmu masu bi ta Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha ya kamata su riƙe. Duk lokacin da za ki sayi tikiti, ki tambayi ejan ɗinki da baki: wannan tafiya a haɗe take ko a rabe? Tikitin rabe yakan fi araha, amma arahar nan ita ce ba ta ado.

In kuwa dole sai an raba, to a bar kwana guda a tsakani. Kuɗin masauki na dare ɗaya a Kano ko Abuja bai kai rabin rabin kuɗin sabon tikiti ba. Kuma a fi son jirgin safe, domin hadarin damina ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa dare, sa'an nan jirgin safe bai riga ya tara jinkirin wasu garuruwa ba. Kafin ranar tafiya a saurari hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, watau NiMet, wanda ake karantawa a rediyo.

Game da haƙƙinki a jiragen cikin gida, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, tana da dokokin kare fasinja. A cikinsu akwai cewa in jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja ɗan abin taɓawa, in ya wuce awa uku yana iya cewa ya fasa a mayar masa da kuɗinsa, in kuma dare ya yi sosai a nema masa masauki. In an soke tafiyar ɗungurungum, yana da zaɓi, ko a mayar masa da kuɗin tikiti ko a sa shi a wani jirgin. Sai dai diyya ta musamman ba a biyan ta idan yanayi ne ya jawo, domin hadari ba laifin kamfani ba ne. Abin da za ki yi shi ne ki adana tikitinki, da katin shiga jirgi, da duk saƙon da suka turo miki a waya. Hukumar tana da jami'an karɓar koke a manyan filayen jirgi, a can ake kai ƙara, kuma magana da takarda a hannu ta fi magana da baki.

Idan kuma a ƙasar waje abin ya same ki, kada ki fita daga filin jirgi. Ki nufi teburin kamfanin da ya kawo ki, ki nuna tikiti, ki nemi su rubuta miki sabon lokaci, ki tambayi abinci da wurin kwana, ki kuma tambayi inda kayanki suke. Ki lura da agogo: lokacin da ke jikin tikiti na garin da kike ne. Saudiyya da Habasha suna gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku. Mutane da yawa sun rasa jirgi suna zaune a bakin ƙofa saboda agogonsu na kan lokacin gida. Kada kuma ki ɗauka wannan matsala tamu ce kaɗai. A watan Afrilu na 2024 an yi ruwan da ba a saba gani ba a Dubai, filin jirginsu ya cika da ruwa, aka soke tashin jirage fiye da dubu, matafiya daga ko'ina a duniya suka kwana a ƙasa. Duk kuɗin ƙasa da na'urorinta, in hadari ya zo sai a jira shi.

WASIƘA TA UKU

Ta ƙarshe gajeruwa ce, daga wani direban motar haya a Gusau. Ya ce sau da yawa akan ɗauke shi shata ya je tarbo alhaji, jirgin da aka ce zai sauka da azahar sai ya sauka da tsakar dare, iyalan alhaji kuma su matsa sai an kamo hanya a lokacin. Yana neman mu yi musu magana.

Malam direba, ka yi gaskiya, kuma ga shi muna yi. Shekara da shekaru alhazan Zamfara sun riƙa sauka a filin jirgin Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato, tsakaninsa da Gusau kuwa tafiyar fiye da kilomita 200 ce, ta Talatar Mafara da Maru da Bunguɗu. A 2024 an ƙaddamar da aikin gina filin jirgin sama a Gusau. To amma ko a ina jirgi ya sauke mutum, akwai sauran tafiya kafin ya kai ƙauyensu, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan, ga kuma rafuka da kan cika bayan ruwan dare. Jama'a, wanda Allah Ya dawo da shi lafiya daga Makka, kada ɗokin gida ya sa a jefa shi cikin hatsari a 'yan kilomitocin ƙarshe. In jirgi ya sauka da dare, a kwana a sansani ko wurin 'yan'uwa, gari ya waye a kama hanya. Masu tarba kuma kada su baro gida sai alhaji ya bugo waya ya ce ga su a cikin jirgi, domin daga Jidda zuwa nan tafiyar awoyi ce, sun isa a shirya. A kuma yi ciniki da direba tun farko a kan abin da za a ƙara masa in kwana ya kama, don kada a rabu da rigima. Abincin walima in ya huce a ɗumama. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

To jama'a, a nan za mu dakata saboda lokaci. Muna gaida mai wasiƙarmu na Kekun Waje da dukan manoman ƙasar Bunguɗu, da Hajiya ta Tsafe da abokan sana'arta, da direbobin tashar Gusau baki ɗaya. Waɗanda wasiƙunsu ba su samu shiga ba su yi haƙuri, suna nan a jaka. Mai tambaya a kan noma, ko kasuwa, ko tafiya, ya rubuto mana, ya sa sunan garinsu da ƙaramar hukumarsa, ya kuma rubuta da kyau yadda za a iya karantawa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.